Abarbar da Ta Dawo da Baba Gida

Ranar Talata ce, saura mako biyu a yi Mauludin shekarar 2005, aka fito da Baba daga ɗakinsa a kan tabarma, maza huɗu suna riƙe da gefunanta, domin ƙafafunsa sun kumbura sun daina ɗaukarsa. Da sauran safiya, amma zafin bazara ya riga ya sauka, kaji duk sun buɗe baki a gindin randa. A ƙofar gida wata a-kori-kura ce ke jira, irin mai jigilar tumatir, wadda babban wanmu, Yaya Habu, ya samo don a kai Baba asibiti a Kano. An share bayanta an shimfiɗa katifa, amma tsamin ruɓaɓɓen tumatir bai bar ta ba. Har an kai bakin zaure Baba ya ɗaga hannu ya ce a juya da shi bayan ɗaki. Mazan suka dubi juna, suka juya. Can a inuwar darbejiya, inda ya jera shukokinsa, ya sa aka sauke shi ƙasa, ya daɗe yana kallon guda ɗaya, babbar da ke cikin rabin duro. Sannan ya kira ni. Shekarata goma sha ɗaya, ina aji biyar, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba. "Uwata," ya ce, "ga amana. Bana za ta yi ɗa. Ki kula mini da ita har in dawo." Na ce to. Bai faɗa mini yadda zan gane ba, ni ma ban tambaya ba, domin direba yana ta danna hon, Inna kuma ta riga ta hau mota da ƙullin kwanuka a cinya.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a tsakiyar filin noman rani, inda ruwan Tiga ke biyo babban kanal ya rarrabu ƙanana-ƙanana har bakin gonar kowa. Mu ba mu san rani irin na sauran mutane ba. Lokacin da wasu ƙauyuka ke zaman jiran damina, mu muna girbin alkama, muna yankan tumatir muna shanyawa a kan buhuna har ya zama kauɗa, ga albasa, ga masarar rani ta kai ƙugu, damina kuwa ta shinkafa ce. Yaro a garinmu tun bai iya ɗaura wando ba ya iya tsoma bututun roba a kanal, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya ja ruwa ya tsallake gaɓa ya kwarara cikin fangali. A wurinmu duk abin da ya sami shuka maganinsa biyu ne, ruwa da taki. Ta yi yaushi, a sakar mata ruwa. Ta sauya launi, a watsa mata yuriya, a sake sakar mata ruwa. Da wannan aka gina ɗakunan kwano, aka yi aure, aka sauke farali, to wa zai buɗe baki ya ce akwai shukar da ba haka take so ba?

Baba ne kaɗai a garin yake da irin wannan shuka, shi ma a ɓoye a bayan ɗaki. Ya yi shekaru yana aikin lebura a wata gonar gwaji wajen Kadawa, a nan wani ma'aikaci mutumin Kudu, da aka yi masa canjin wurin aiki, ya bar masa tukwane uku na wasu shukoki masu kaurin ganye da ƙananan ƙayoyi a gefe. Baba ya ce dangin abarba ne, sai dai su ba sa yin abin ci, ado kawai. Akwai mai zane-zane kamar jikin zabo, akwai mai ruwan toka, akwai wata siririya mai sheƙi. Kowacce ganyenta yakan haɗu a tsakiya ya yi ɗan ƙoƙo mai riƙe ruwa, har ƙananan kwaɗi kan shiga su zauna. Daga uku suka yi ta fitar da 'ya'ya a gindi, yana cirewa yana dasawa, har suka haura ashirin, a cikin fasassun tukwane da yankakkun jarkoki da wata tsohuwar tasar Inna da ta ɓule. Ba ya sa musu ƙasar gona. Yashi yake haɗawa da gawayi da ɓuntun shinkafa, ya jera tsingaro a ƙasan tukunyar. Abokansa na majalisa sukan zolaye shi, wai Malam Isiyaku ya bar noman ci ya koma noman kallo. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge ganye da tsumma.

Babbar da ke cikin rabin duron ita ce abarba ta gaske. Shekara biyu kafin nan, da azumi, Baba ya roƙi tukkun abarba a wurin wani mai sayar da kayan marmari a bakin titin Zariya, irin wanda ake yankewa a watsar. Ya ɓare ganyen ƙasa, ya bar shi ya sha iska kwana uku a kan katanga, sannan ya dasa. Kowa ya ce abarba ba ta yi a ƙasar Kano, ita 'yar kurmi ce. Ta yi wata biyu kamar ta mutu, sai kuma ta miƙe, ta yi ta buɗa hannuwa har ba na iya zagaye ta ba tare da ta karce ni ba. Ni ce mai riƙe masa buta. Ƙananan yakan tsiyaya musu ruwa a ƙoƙon tsakiya, babbar kuwa ya zagaye gindinta da ɗan ruwan da bai fi na alwala ba, shi ma ba kullum ba. Yakan tura yatsa cikin yashin ya ji, wata rana ya zuba, wata rana ya ce mu tafi. Baba ba mai yawan magana ba ne, bai taɓa gaya mini dalili ba. Ni kuwa a raina rowa na ɗauke shi, don ga kanal can cike taf a bayan gari, mutum yana auna wa shuka ruwa kamar turare.

Da Inna ta bi Baba zaman jinya, Gwaggo Talatu, yayarsa, ta dawo gidanmu don ta riƙe mu. Gwaggo ba ta taɓa son shukokin nan ba. Tun ranar da ta ji daga bakin Baba cewa irinsu sau ɗaya suke fure ko ɗa, daga nan uwar ta fara bushewa, ta sa musu ido. Takan tsaya daga nesa da carbi a hannu, ta taɓe baki ta ce, "Abin da zai haihu sau ɗaya ya mutu, ina dalilin ajiye shi a cikin gida?" Ba da ni take ba, amma a kunnena maganar ta zauna. Gidan ma ya sauya. Ɗakin Baba a kulle, rediyonsa shiru, takalmansa na roba a bakin ƙofa babu mai matsar da su. Da yamma wasu hankaki biyu suka koyi sauka a kan darbejiyar, na jefe su har na gaji. Masu zuwa dubiya daga Kano sukan tsaya a zaure su yi ƙus-ƙus da Yaya Habu, ina fitowa su ce, "Da sauƙi, da sauƙi." Kalma ɗaya na tsinta a bakinsu, ƙoda. Ban san me take yi a jikin mutum ba, na dai san idan manya suka faɗe ta sukan rage murya.

Ban gaya wa kowa ba, amma a raina na ɗaure Baba da abarbar nan wuri ɗaya. Idan na tashi na gan ta a miƙe, na san ya kwana lafiya. Da asuba kafin in share tsakar gida sai na leƙa ta, in dawo daga makaranta ko jaka ban ajiye ba sai na leƙa ta, in na taso daga Islamiyya ma haka. A filin makaranta ƙawayena suna 'yar gala-gala a gindin mangwaro, ko carafke da duwatsun da muke tsinta a bakin kanal, ni da na fi kowa hannu a carafke sai ga shi dutse yana zube mini. Malamin lissafi ya kira sunana sau uku ban ji ba, ya tsula mini bulala biyu, ban ma yi kuka ba. Ranar wanki kuwa, muna durƙushe a matakalar kanal muna dirzar kaya, balbelu suna bin bayan masu ban ruwa, sai in ga kamar ruwan ya fi kullum duhu da gudu. Mako guda na yi ina yin yadda na ga Baba yana yi, ina tura yatsa a yashi duk da ban san abin da nake nema ba, ina zuba ɗan ruwan alwalar nan.

A kwana na tara na ga jan. Can cikin tsakiyarta, inda sababbin ganye ke fitowa, koren ya juye ya zama ja kamar an ɗiga jini. Na goge da gefen zanena, bai fita ba. Washegari ya ƙaru, ya fara hawa ganyen. Na ruga gona wurin Yaya Habu, na same shi tsamo-tsamo cikin masara yana juya ruwa, na janyo shi har gida. Yaya Habu a lokacin bai fi shekara ashirin da biyu ba, amma a harkar ban ruwa har dattawa suna tambayarsa. Ya tsuguna, ya duba jan, ya tona yashin da yatsa ya ji shi a bushe, sai ya girgiza kai. "Ke ma dai, Uwani. Yunwa ce da ƙishirwa. Masara ma in ta yi ja haka taki take nema. A wannan zafin wa ke ba shuka ruwa da buta?" Ya ɗebo laka ya toshe hudojin da Baba ya yi a ƙasan duron, don ruwa ya zauna kamar a fangali, ya barbaɗa yuriya a gindi, ya ce in riƙa cika ta safe da yamma. Da zuciya ɗaya ya yi, abin da ya sani ke nan, kuma bai taɓa ba shi kunya ba.

Sauran ni na ƙarasa da kaina, ba wanda ya sa ni. Na yi tunani irin na mai wayo, na ce ai dangin nan ta tsakiya suke sha, na ga Baba yana tsiyaya wa ƙananan ruwa a ƙoƙo, ashe nan ne bakinsu. To in magani ne, me zai sa a zuba shi a ƙafa alhali ga baki? Na saci yuriya cike da tafin hannu daga buhun Yaya Habu, fara tas kamar sukari, na ɗura ta a kan jan nan, na bi da ruwa. Kwana uku a jere ina yi. Safe da yamma ina ɗauko bokiti daga kanal, wuyana kamar zai karye, ina cika duron har ruwa ya kwanta a sama yana ƙyalli. Ranar Mauludi yara suka yi ado suka tafi zagaye, ni ina hanyar kanal da gammo. Har daɗi nake ji, ina ganin kowane bokiti kamar a bakin Baba nake zuba shi. Jan ya dushe kuwa, ya koma ruwan ƙasa, na ce alhamdu lillahi magani ya kama.

Wari ne ya fara gaya mini. Da farko na zaci ɓera ne ya mutu a bayan tukwane, na ɗaɗɗaga su ban ga komai ba. Sai ƙudaje, manya masu kore, suka fara zarya a kan duron. Ran Juma'a Yaya Habu ya tafi dubiya Kano, ya dawo bayan la'asar, bai ko yi sallama ba ya wuce bayan ɗaki, na bi shi. Fuskarsa ta yi wani iri. Ya ce Baba ya tambaye shi ko tsakiyar abarba ta yi ja, shi kuma ya ce ta yi, yana shirin ya ƙara da cewa an yi mata magani, sai Baba ya yi dariya, dariyar farko tun da aka kwantar da shi. Wai ya ce, "Alhamdu lillahi, ta ɗauki ciki. Ka ce wa Uwata kada ta taɓa tsakiyar, kada kuma ta ƙara ruwa, yanzu ne ba ta son jiƙa." Yaya Habu ya ce daga nan ya fasa gaya masa zancen maganin. Na miƙa hannu na kama ganyen tsakiya, ban ko ja da ƙarfi ba ya zare sulul, gindinsa baƙi yana yauƙi. Na biyu ma haka. A ƙarƙashinsu na ga wani ɗan curi mai ƙuraje-ƙuraje, bai wuce babban yatsana ba, da siffar abarba sak, har ɗan tukkunsa. Ya riga ya narke ta gefe ɗaya.

Kukan da na yi ne ya fito da Gwaggo daga madafi. Ta duba, ta toshe hanci da mayafi, ta ce inna lillahi. Ba ta yi mini faɗa ba, wannan ya fi tsorata ni. Ta zaunar da mu ni da Yaya Habu ta ce maganar nan ta mutu a nan, domin mara lafiya ba a kai masa baƙin labari, ko rasuwa aka yi ɓoye masa ake yi sai ya warware, balle ciyawa. Haka ake yi a garinmu, kowa ya sani, ni kaina na ga an ɓoye wa wata maƙwabciyarmu mutuwar ƙaninta har ta yi arba'in ɗin haihuwa. Yaya Habu ya ɓalle lakar da ya toshe hudojin da ita, wani baƙin ruwa ya tsiyaye ya bi gindin darbejiya. Ni kuwa na mayar da ganyayen nan biyu na soka su a inda suka fito, kamar hakan zai sa su kama. Ganyen waje suna nan kore shar, wanda ya hango daga nesa ba zai ce komai ya faru ba.

Ran Lahadi aka tafi da ni dubiya, don Baba ya ce ni yake son gani. Muka hau bas a bakin titi, Gwaggo tana ta jaddada mini a hanya cewa in ya tambaya in ce tana nan lafiya, in ja bakina. Ɗakin da aka kwantar da shi dogo ne, gadaje a jere, warin magani ya cika shi. Da ƙyar na gane Baba. Fuskarsa ta kumbura, wuyansa ya rame, an soka masa roba a hannu. Inna tana gefe tana yi masa fifita, ita ma ba ta san komai ba. Ko gaisuwa ban gama ba ya ce, "Uwata, ya fito?" Na ce e. Da na tsaya nan, da na yi abin da aka sa ni kawai. Amma ya ce, "Yaya girmansa?" idonsa yana haske irin wanda na daɗe ban gani ba, sai na ga hannuna ya ɗagu da kansa, na nuna masa babban yatsana. Ya kama yatsan ya riƙe, yana juya shi yana dariya, yana gaya wa na gadon kusa da shi cewa abarba ta yi ɗa a ƙasar Kura. A ranar, in ji Inna, ya shanye kunu kofi guda.

Wannan kofin kunun ne ya ƙarasa ni. Na ce ashe ƙaryar ma magani ce. Lahadi ta gaba na nuna masa girman ƙwan kaza. Ya tambaya ko ƙananan furanni masu ruwan shuɗi sun fara leƙowa a jikinsa, na ce sun fara, ya ce guda nawa, na ce ban ƙirga ba don ya hana taɓawa. Ta ukun na dunƙule hannuna duka. A gida kuwa abin sai gaba yake, ganyen waje suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, tsutsotsi farare suka bayyana a ramin tsakiya. Na daina cin abincin kirki. In ina salla na kai sujada sai in rasa me zan roƙa, Baba ya warke ya dawo ya gani, ko kuwa ya daɗe a can. Na san mugun tunani ne, kuma na yi shi ba sau ɗaya ba.

Ran wata Alhamis da azahar, ina tankaɗe a tsakar gida, na ji tsayuwar mota. Ba wanda ya aiko cewa za su dawo. Inna ce ta fara shigowa, idanunta jajur, Gwaggo ta tare ta tana tambaya ko sallama aka yi musu. Ina jin amsar da kunnena. Inna ta ce ba sallama ba ce, likita ya ce a ƙara ko da mako biyu, akwai sauran magani da gwaji, amma Malam ya kafe, ya ce shekara biyu yana jiran abin nan, ba zai bari ya girma a bayan idonsa ba, a kai shi ya gani ko da na yini ɗaya ne, in ya so a mayar da shi ran Litinin. Har takarda aka ba shi ya dangwala hannu. Rariyar ta suɓuce mini, garin ya watse a ƙasa. Gwaggo ta juyo ta dube ni, ni ma na dube ta.

Ko ɗaki bai bari an shiga da shi ba. Aka zagaya da shi bayan ɗaki a kan tabarma, aka sauke shi daf da duron. Ya daɗe yana kallo. Ya miƙa hannu ya zare busassun ganyen da na soka, ya tura yatsa cikin ramin, ya sunsuna. "Yuriya?" ya ce. Yaya Habu ya durƙusa ya ce shi ne, shi ya barbaɗa. Na ce a'a, ta tsakiyar ni na zuba. Baba bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba. "Babban yatsa kika nuna mini," ya ce a hankali. Na fashe da kuka na ce wallahi Baba na gan shi, haka girmansa yake, har tukku gare shi, ranar farkon ba ƙarya na yi ba. Can ya ce, "To, ke kin gan shi." Ya ce da mazan su kai shi ɗaki.

Ba a mayar da shi ran Litinin ba. Jijjigar hanya ta taɓa shi, kumburin ya hau har ciki, da aka kawo mota ya ce a bar shi ya huta tukuna, kullum sai ya ce gobe. Bai ƙara tayar da maganar abarbar ba, bai kuma canja mini fuska ba, da ya dake ni ma da na fi samun sauƙi. A kwana na uku ya ce in ɗauko littafin makaranta da biro in zauna a bakin gado. Ya ce laifinsa ne, ya koya wa 'ya'yansa noman da kowa ya iya, ya riƙe wanda shi kaɗai ya sani. Yana faɗa yana hutawa, ina rubutawa a bayan littafin kimiyya: gawayi kashi nawa, yashi kashi nawa, yaushe ake raba 'ya'ya da uwa, me ya sa ake zubar da ruwan ƙoƙo a sake sabo saboda sauro, me ya sa taki ba ya zuwa kusa da tsakiya. Shafi huɗu muka cika a kwana huɗu, daga nan magana ta fara yi masa nauyi. A kwana na tara da dawowarsa, bayan la'asar, ina wanke-wanke a bakin rariya, na ji salatin Inna daga ɗaki.

Inna ta sha gaya mini, har ta koma ga Allah, cewa kwanansa ne ya ƙare, ko a asibiti yake sai ya tafi, likitan ma da ganin fuskarsa ba ya sa rai. Na yarda, don ni musulma ce, kuma wataƙila gaskiyarta ne. Yaya Habu kuwa har yau ba ma tayar da zancen, ko da mu biyu ne. Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Kano, a barandar gidana akwai dangin abarba goma sha ɗaya, jikokin na Baba, na kuma ci abarbar da na shuka da hannuna har sau uku. Irin shukar da ake yi wa Baba dariya a kanta, yau ga ta nan a bakin tituna ana sayar wa masu gidajen bene. Kanal yana nan, yara suna nan suna jan ruwa da bututu, sai dai kowane gida yanzu akwai waya mai ɗaukar hoto. Da a yau ne, Baba zai ce a turo masa hotonta, ya gani ya yi fushinsa a kan gadon asibiti, ya kuma zauna ya ƙarasa maganinsa. A lokacinmu babu abin da mara lafiya zai riƙe sai bakin wanda ya zo daga gida, shi kuwa ni ya zaɓa ya tambaya. Ban san ko gaskiya za ta ƙara masa kwana ba. Abin da na sani, ya dawo gida ne don ya yarda da ni.